Rahoton Kwamiti Kan Kammala Ginin Ma'ajin Shara da Wuraren Rarraba Ta a Gine-ginen Jami'a

An ɗora wa wannan kwamiti alhakin gyara yadda ake tara sharar da za a iya sake sarrafawa a tsangayoyi, ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai. An kammala aikin, an kuma miƙa makullai ga sashen kula da gine-gine.

Kafin a kafa bulo ko ɗaya, mun bi sawun shara tun daga ofis har inda mota ke kwashe ta. Kwanduna masu launi daban-daban suna nan a wasu barandu, kuma mutane da dama na ƙoƙarin rarrabewa. Amma da masu shara sun zo, a buhu ɗaya suke juye komai, domin ba su da inda za su ajiye takarda daban, roba daban. Kwalin da ake jibgewa a bayan gini kuwa ruwan sama ke jiƙa shi, kuma masu saye ba sa karɓar jiƙaƙƙen kwali. Shi ya sa kwamiti ya tsaya a kan a fara gina ma'aji, sayen kwanduna ya biyo baya.

Ma'ajin yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 4, nesa da tagogin azuzuwa saboda wari da haɗarin gobara, kuma mota na iya zuwa da baya har bakin ƙofarsa. Tsawon ya biyo girman manyan kwanduna masu lita 1,100, waɗanda faɗin kowannensu ya kai kusan santimita 137. Guda huɗu ke jeruwa a jikin bango ɗaya: na takarda, na kwali, na roba da na gwangwani. Kwalba ba ta shiga waɗannan. An ware mata masu lita 240, don idan aka cika babba da gilashi mutum ɗaya ba zai iya tura shi ba.

Daɓen ƙasa shi ya fi cin lokaci. An zuba kankare mai kaurin santimita 15 a kan ragar rodi, da haɗin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. An yi ta ba shi ruwa kwana 7, ba a kuma ɗora masa nauyi ba sai da ya cika kwana 28. Zanen ya ce daɓen ya riƙa gangarawa da santimita 2 a kowace mita zuwa magudana. Da aka kwara bokitin ruwa don gwaji, sai ruwan ya kwanta a kusurwar da za a ajiye kwali, saboda magini ya daidaita gangarar da ido maimakon igiya da ma'aunin ruwa. Ɗan kwangila ya sassaƙe wurin ya sake shafe shi da kuɗinsa. Duk wanda zai karɓi irin wannan gini ya yi gwajin bokitin kafin ya sa hannu a takardar biya.

An haɗa magudanar da bututun ruwan datti, ba da kwatar ruwan sama ba, don ruwan wanke kwanduna na ɗauke da maiƙo da ragowar abin sha. A bakinta akwai ɗan kwandon ƙarfe da ke tare murafen kwalabe. Ƙofa mai faɗin mita 1.5 ce, ba ta da dokin ƙofa, sai gangara mai sauƙi don tayoyi. A saman bango an bar tagogin iska an rufe su da raga mai idon da bai wuce milimita 6 ba, tunda ƙaramin ɓera na kutsawa ta abin da ya fi haka. An sa famfo, fitila, na'urar kashe gobara da sikeli.

A cikin gine-gine, mai walda ya ƙera firam ɗin ƙarfe da ke riƙe kwanduna uku wuri guda: ɗaya na takarda, ɗaya na kwalabe da gwangwani, ɗaya na sauran shara. Kwandon da aka bari shi kaɗai yakan koma na kowace irin shara cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ba a ɗaure ba wani zai ja shi ya tokare ƙofa da shi. Murfin na takarda yana da siririyar tsaga, na kwalabe kuma zagayayyen rami mai faɗin santimita 10, ta yadda siffar bakin ma ta isa ta nuna abin da ake so. Alamomin hotuna ne, an kafa su daidai idon mai tsaye. An ajiye firam-firam ɗin kusa da injinan buga takardu da ƙofofin zaurukan lacca, ba a yarda ko ɗaya ya tsaya a kan matakala ko hanyar fita ta gaggawa ba. Buhunan kayan sake sarrafawa masu haske ne don a ga abin da ke ciki ba sai an buɗe ba, na sauran shara baƙaƙe. Masu shara sun sami amalanke mai gida uku.

Akwai abubuwan da ke ɓata kaya ko da an rarraba. Kofin takarda yana da shafin roba a ciki, don haka ba ya bin takarda, haka ma rasit ɗin inji da duk takardar da ta taɓa maiƙo. Masu saye sun fi neman roba mai lamba 1 da mai lamba 2, lambar tana cikin 'yar alama mai kusurwa uku, galibi a gindin gorar roba. Gilashin ɗakin gwaje-gwaje ba ya narkewa a zafin da kwalbar abin sha ke narkewa, kaɗan daga cikinsa na lalata tarin kwalabe, ga kuma ragowar sinadarai a jikinsa. An bar shi a hannun masu kula da ɗakunan gwajin. Batura na shiga akwatin ƙarfe na daban bayan an liƙe bakinsu da salatif, domin batirin litiyam na kamawa da wuta idan ya huje ko ya matsu. Dogayen ƙwayayen fitila na ɗauke da zaiba, an yi musu kanta inda ake kwantar da su cikin kwalinsu kada su fashe.

Ragowar abinci daga ɗakunan kwana ba ta cikin wannan kwangila, tana bukatar wurin yin taki nata. Sashen kula da gine-gine zai riƙa auna kowane kaya yana rubutawa kafin ya fita, a wanke kwanduna duk mako, a kuma zazzage kwandon magudana bayan kowane wanki. Ɗan kwangila zai dawo bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko a duba rufi tare da shi, sannan a sake masa ragowar kuɗinsa.