A ba masu kukuma da gurmi fili su ma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan abin da kamfanonin waya da gidajen rediyo da talabijin ke yi wa mawaƙa masu tasowa.

Gaskiya sun taka rawar gani. Gasar Project Fame da MTN ta ɗauki nauyi ita ta fito da Iyanya a 2008, sannan Chidinma a 2010. A nan Arewa, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta yi shirin Zafafa Goma, yaran da ke haɗa waƙa a ƙananan situdiyo suka fara ganin kansu a talabijin.

To amma ina mai kukuma? Ina mai garaya, ina matan amada masu kiɗan ƙwarya? Ka je biki a ƙauye, za ka tarar da saurayi rungume da gurmi, muryarsa ta dishe, ana manna masa kuɗi a goshi, gari na wayewa kuma shi ke nan, babu wanda ya naɗi sautinsa. Abin yana ci mini rai, domin rediyon Kaduna ce ta kai muryar su Shata lungu da saƙo, kuma ba a ce sai sun canja kiɗansu ba.

Ina kira ga tashoshinmu su ware wa waɗannan matasa ko da awa guda a mako. Kamfanonin waya kuma su sa waƙoƙinsu cikin waɗanda mai kira ke ji kafin a ɗaga, su kuma faɗa wa mawaƙi ƙarara nawa ne kasonsa.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya