Wasiƙa zuwa ga aminina kan maganar rabin aji

Assalamu alaikum mutumina, ya Legas ya iyali, ya jiki na Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Nan gida kowa lafiya, an gama yankan gero ana jiran dawa.

Wani abu nake so ka sa mana baki a kai tunda ku na birni in kun yi magana an fi jin ku. Ka san yanzu firamaren garinmu akwai rabin aji, wanda su ke kira ECCDE a takarda, na yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Ba wai alfarma aka mana ba, tun dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin bai ɗaya matakin farko, kula da ƙananan yara na cikin tsarin, kuma a 2013 aka sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a manufar ilimi ta ƙasa, mu ne dai a ƙauye bai iso mana da wuri ba.

Wallahi bambancin a fili yake. Yaron da ya bi ta rabin aji ranar da ya shiga aji ɗaya baya kuka baya gudu gida, ya iya riƙe fensir, ya san jiran layi, ya san ya ɗaga hannu ya ce zai je bayan gida, yana ƙirga da marfin kwalba da 'ya'yan tsamiya, wanda bai bi ba kuwa sai malami ya ɓata zango guda yana lallashi kafin a fara abacada. Kuma da Hausa ake musu, waƙa da tatsuniya da wasa, ba bulala.

Amma abin da ya fi taɓa min zuciya 'yan matan ne. Ka tuna yadda ake hana yarinya zuwa makaranta don uwa za ta gona ko surfe, ita za ta yi renon ƙaninta? To yanzu tare suke fita da safe, ta ajiye shi a ajinsu ta wuce nata. Wasu dattawa sun ji tsoron rabin ajin zai kashe makarantar allo, ai ba a taɓa ta ba, da hantsi ake tashinsu, da yamma suna gaban malam da allonsu.

Matsalar dai malama ɗaya ce kan yara masu yawa, a ƙasa suke zaune, ga rana in ta yi zafi babu ruwan sha kusa. In ƙungiyarku ta 'yan gari ta zauna wannan watan dan Allah ka kawo maganar tabarmi da randa da ɗan alawus na mataimakiya, hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, za su karɓa a rubuce kowa ya gani. In ka zo sallah ka shiga ajin da kanka.

Ka gaida madam da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.