Dala ce ko faran?

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, nan Maradi kowa lafiya. Innarka na gaishe ka. Sabon gero ya fara shigowa kasuwa, tiya ta ɗan yi sauƙi.

Maganarka ta daren Juma'a ce ta sa ni ɗaukar alƙalami, da ka ce mai shagon da kake rubuta wa manhajar lissafi bai san abin da yake so ba. Na yi shiru a waya don ƙannenka na kusa, amma maganar ba ta kwanta mini ba.

Ka manta yadda muke ƙirga kuɗi? Mutum ya ce dala ashirin, faran 100 yake nufi. Ya ce jaka, 1000 ke nan. To in ya ce maka ashirin, kai kuma ka danna 20 a kwamfuta, wa ya yi kuskure? Shi dai gaskiya ya faɗa, da harshen da yake ciniki shekara da shekaru. Kai ne ba ka tambaya ba. Ni ma na taɓa shan wannan ruwan. Wani dillali daga Jibiya ya ce in haɗa masa buhu hamsin na wake, na amsa da "to" don kada in zama kamar sabon shiga. Ashe manyan buhuna yake nufi, ni kuwa ƙanana na ɗaure. Mota na tsaye, 'yan dako na jira, muka kwana muna kwancewa muna sake awo da fitila a baki.

Kai da bakinka ka ba ni labarin kumbon da hukumar NASA ta Amurka ta rasa a 1999 wajen duniyar Mars, don wasu sun yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wasu da na mita. Ka yi ta dariya ranar. Su ma fa masu ilimi ne, ba su dai ce wa juna "tiyar wa za mu auna da ita?" ba.

Saboda haka in mai shagon ya gama bayani, ka maimaita masa da Hausa tsantsa, ban da faransancin nan naku na ofis da ke sa dattijo gyaɗa kai alhali bai gane ba. Abin da kuka tsayar ka tura masa ta WhatsApp, da murya in karatu na ba shi wuya. Kuma in ka ga aiki ba zai ƙare Alhamis ba, ka faɗa tun Litinin, ko da zai ɓata rai.

Ranar kasuwa ka je shagon nasa da sassafe, ka nemi benci ka zauna har azahar, ka ga yadda yaronsa ke rubuta bashi a littafi. Ka kira ni bayan isha'i in ji abin da ka gano.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka