Godiya ga Alhaji da ma'aikatan garejinsa kan aikin Toyota GT86 ɗina

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk ma'aikatan gareji. Na ga ya dace in yi wannan godiya a fili kuma da harshenmu, don 'yan'uwa mazauna yankin Kolon da Bonn a nan Jamus su san akwai inda za su kai mota a yi musu aiki tsakani da Allah. Kun ce kada in sa sunan garejin saboda aikin da ke gabanku ya riga ya fi ƙarfin hannayen da kuke da su. Na bi umarni. Wanda ya matsu ya tambaya bayan sallar Juma'a, ba zai rasa mai nuna masa hanya ba.

Ga waɗanda ba su san motar ba, GT86 ƙaramar motar gudu ce da Toyota ta fitar a 2012 tare da haɗin gwiwar Subaru. Injinta lita 2 ne, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, ƙarfin doki 200, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Ta hannu na saya. Buƙatar da na kawo muku kuwa ba ƙarama ba ce: daga Litinin zuwa Juma'a in je aiki da ita, in sauke 'yata a makaranta, kujerar yara na ɗaure a baya, ranar hutu a lokacin zafi kuma in hau duwatsun Eifel in shiga Nordschleife, tsohon titin tseren Nurburgring, a sa'o'in da ake buɗe shi ga jama'a. Kuka yi dariya kuka ce taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a tauna su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da za ku ƙara wa motar a filin tsere sai kun faɗa mini abin da zai rage mata a titi. Wannan alkawarin kun cika shi har ranar da na karɓi makulli, kuma shi ne asalin wannan wasiƙa.

Tambayata ta farko ta turbo ce, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, kamar yadda kusan duk mai irin wannan mota ke yi, don kowa ya san ƙarfinta yana ɗan lafawa a tsakiya kafin ya sake tashi. Da wani garejin ne da tuni an fara lissafin kuɗi. Ku kuwa kuka ce inji shi ne na ƙarshe a layi, in ma za a taɓa shi. Dalilinku: duk gudun da inji ya ba mota, birki ne zai mayar da shi zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye ninkawa huɗu yake yi. Kuka ɗaga motar sama kuka kira ni in shiga ƙarƙashinta. A nan na ga abin da mai ita na farko ya bar mini: sifirin da ba su da wata takarda, da salansa mai ƙara wadda ita ma ba ta da lamba ko ɗaya ta amincewa. Kafin a ƙara komai sai da aka cire waɗannan.

Birki ne kuka fi ɓata wa lokaci, ni ma a kansa zan fi tsayawa. Yarinyar nan Bajamushiya da ke koyon aiki a wajenku ta tsoma wani ɗan ma'auni mai kama da biro cikin tankin man birki, fitilarsa ta kama ja. Ta yi mini bayani a tsanake cewa man birki yana shan danshin iska a hankali. DOT 4 sabo, ƙa'ida ta ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A cikin gari mutum zai shekara bai ji bambanci ba. A Nordschleife kuwa akwai doguwar gangara daga Kallenhard ta Wehrseifen har gadar Breidscheid, inda ƙafa ke komawa kan birki kafin ya huce daga takun baya. In man ya tafasa, tururi ne ke cika bututu, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ka taka birki ya tafi ƙasa salin-alin motar na ci gaba da abinta. Kuka zuba man da ke jure sama da digiri 300, kuka kuma gaya mini farashinsa na gaskiya: irin wannan ba a barinsa shekara biyu kamar na kullum, duk shekara kafin a buɗe fili sai an juye shi.

Takalman birki ma haka. Na asalin tsere ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi, suna kuka a kowace danja, suna cin faifai, kuma da yawansu ba su da tambarin ECE R90 da ake nema kafin a hau titin Turai da su. Kuka ce ba za ku sa mini abin da zai yi sanyin kamu da ƙarfe bakwai na safe a watan Janairu, yarinya na bayan mota, don kawai ya burge ni ranar Lahadi ba. Kuka zaɓi na tsakiya mai tambarin, kuka ce zai yi ƙura a kan wili, kuma in na jera zagaye ba hutu zai gaji. Duka biyun na gani da idona. Wilina na gaba baƙi ƙirin suke yini, na haƙura.

Taya ba ta ɗauke mu dogon zance ba. Motar daga kamfani da Michelin Primacy HP mai lamba 215/45 R17 take zuwa, irin wadda ake sa wa wasu Prius, kuma da gangan injiniyoyin suka yi haka don bayanta ya riƙa zamewa cikin sauƙi. Kuka sa mini tayar lokacin zafi mai riƙo, kuka hana ni mai ƙarancin zane da 'yan tsere ke so, saboda Eifel ba ta da alkawari: tsawon titin kilomita 20.8 ne, sai ka baro wani ɓangare a bushe ka tarar da wani ana ruwa. Tsofaffin wilin kuma kuka ɗaura musu tayar hunturu mai hoton dutse da ƙanƙara, tunda daga Oktoban 2024 tsohon tambarin tayar hunturu na M+S kaɗai ba ya wadatarwa a Jamus idan titi ya yi ƙanƙara.

Ranar saitin ƙafafu ba zan manta da ita ba. Babban bakanikenku, Baturken nan mai ƙarancin magana, ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni kilo nawa nake. Na faɗa, ya ƙara biyar a kai ba tare da ya nemi izinina ba, ya jera buhunan yashi daidai wannan nauyi a kujerar direba. Sannan ya ɗora kowace taya a kan sikelinta, yana murɗa zoben sifirin da ke ɗaga motar ko sauke ta rabin juyi, ya koma ya girgiza motar, ya dubi allo, ya sake dawowa. Ya fi awa yana wannan, shayinsa ya huce a kan benci. Abin da yake nema shi ne nauyin gaba-dama da baya-hagu ya yi daidai da na gaba-hagu da baya-dama, don motar ta sha kwanar dama kamar yadda take shan ta hagu. Da ya gama sai ya kwantar da kan tayoyin gaba ciki wajen digiri 2, da wasu kusoshi na musamman, tunda ƙafar gaban motar ba ta zo da wurin saita wannan ba. A kwana jikin mota yana karkata, tayar waje ta hau kafaɗarta. Wannan 'yar kwanciyar ce ke sa ta taka ƙasa da duk faɗinta a daidai lokacin da ake buƙata. Abin da za a biya a titi shi ne gefen ciki zai riga na waje cinyewa idan aka yawaita doguwar hanya. Kun faɗa mini tun kafin a ɗaura kusoshin, kuka ce in riƙa kawo ta ana juya tayoyin.

Inda na fi ganin gwanintarku shi ne tsayin motar. Matasa, nan da gida duka, suna ganin motar gudu sai ta kwanta cikinta na shafar kwalta, shokozoba kuma ta yi tauri kamar ba ta. Ku santimita biyu kawai kuka sauke ta. Kuka ce Nordschleife tun 1927 aka buɗe shi, a kan tudu da kwari aka shimfiɗa shi, tsakanin ƙasansa da samansa akwai kusan mita 300, ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne irin na zamani. A Fuchsröhre mota tana gangarowa da gudu ta faɗa kwari, nauyinta ya danne sifirin har ƙasa. A Karussell kuma falankin kankare ne a karkace, yana jijjiga mota har haƙora su haɗu. Motar da aka ƙwace wa wurin lotsawa, a irin waɗannan wurare tsalle take yi, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta kwana. Sai ga shi abin da wannan titin ke so bai yi nisa da abin da tudun rage gudu na unguwarmu da gangaren garejin ƙarƙashin gidanmu ke so ba. Uwargida, wadda ba ta da ruwa da zancen mota, hukuncinta ɗaya ne: ta daina jin bayanta na ciwo in mun je Koblenz.

Na'urar sanyaya baƙin mai da kuka ƙara mai bawul ce, ba ta buɗewa sai man ya yi zafi, don kada inji ya yini da sanyi a hunturu. Kejin ƙarfe da bel mai igiya huɗu kuwa kun ƙi sam. Kuka ƙwanƙwasa ƙarfen wata motar tsere da ke gefe da sifana, kuka ce wannan an yi shi ne don kan da ke cikin hular kwano, ni kuma ba da hular kwano nake zuwa ofis ba. Bel ɗin kamfani da jakunkunan iska suka zauna yadda suke, kujerar 'yata ma ta zauna.

Duk wanda ya zauna a Jamus ya san rabin aikin mota takarda ce. Kowane ƙarfe da kuka sa yana da takardar gwajinsa, tsayin motar yana cikin iyakar da takardar ta yarda, kuma da kanku kuka kai ta TÜV, masu binciken lafiyar motoci, aka duba aka shigar a takardun motar. Wannan ba don binciken shekara bibbiyu ba ne kaɗai. A sa'o'in jama'a dokar titi ce ke aiki a Nordschleife: sai motar da ta halatta a titi, ba a wuce mota ta dama, ba a auna lokaci, mai tafiya a hankali ya koma dama ya kunna sigina. Ku ne kuma kuka ce in je in karanta takardar inshorata da kyau kafin in sayi tikiti. Na karanta, na tarar ɓarnar motata a can ba ta cikin abin da za su biya, ga shi kuma wanda ya daki shingen ƙarfe shi ake miƙa wa takardar kuɗin gyaransa. Wannan shawara ba ta cikin rasit, kuma ita ta fi komai rage mini nauyin ƙafa a kan totur.

Takardar nan guda da kuka rubuta da hannu kuka sa a aljihun gaban mota, ita nake bi. Gefe ɗaya na titi, ɗaya na fili. Kafin shiga, a ƙara taurin shokozoba danni huɗu, a duba ƙarfin ɗaurin notin wili a kan 120 Nm, a duba baƙin mai, a kwashe duk tarkacen but. Bayan zagaye a auna iskar taya da zafinta, a sauke abin da zafi ya ƙara, kada a tsaya ƙafa na danne da birki mai zafi. A ƙasa kuka ja layi biyu a ƙarƙashin jimla ɗaya: kafin ka kama hanyar gida, mayar da iska 2.4 bar, mayar da shokozoba. Duk aikin bai kai minti goma ba, da ɗan famfon da kuka ce in saya.

Ina kallon bidiyon yaranmu a gida suna juya mota a kan titin jama'a ranar biki, mutane sun kewaye su ba shinge, raina ya ɓaci. Sha'awar ba laifi ba ce, ni ma ita ke ɗawainiya da ni. Amma da ɗayansu zai yini ɗaya a garejinku, da ya ga kuɗin masu abin a birki da taya yake tafiya, salansa ba ta samun ko sisi.

Ba zan ce ba ku da aibi ba, Alhaji. Samun rana a wajenku sai an yi haƙuri, wayar garejin kuma ta fi yin ƙara a banza fiye da a ɗaga ta. Amma kuɗin da kuka rubuta mini tun farko shi na biya, bambancin da aka samu ragi ne, saboda kun ga faifan birkin baya yana da sauran rai kun bar shi. Kayan motar na asali da kuka cire kuma kuka jera mini su a kwali, kowanne da sunansa, ko wata rana zan so mayar da ita yadda take in sayar.

A miƙa godiyata ga bakanikenku mai buhunan yashi, a gaya masa kilo biyar ɗin nan da ya ƙara yana da gaskiya. A gaida yarinyar nan, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawarta ta gama koyo. Ku kuma Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a sana'a, ya jiƙan magabata. Ina neman rana a ƙarshen Oktoba don a sa tayoyin hunturu, a kuma shafe zaren shokozoba da giris kafin a fara zuba gishiri a titi. Tunda waya ba ta samunku, zan biyo da kaina ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Naku,
Mai jar GT86