Dajin cikin birni ƙafafun mutane ne ke tsaron sa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da mutane da yawa ke yi wa kallon aikin waɗanda suka ƙoshi, wato mutum ya ɗaura takalmi ya shiga dajin da ke dab da tsakiyar birni ya yi ta tafiya a ƙasa, ba farauta ba, ba neman itace ba, tafiyar kawai. Da ka faɗa sai a ce maka to me ka yar a dajin da za ka je nema? Ni kuwa a ganina wannan tafiyar da ake rainawa ita ce ma ke riƙe da dajin, domin dajin da ba mai shigarsa kango ne, yau ɓata-gari su mayar da shi maɓoya, gobe a ce ai ya zama barazana, jibi ka ga katafila ta shiga an yanka fulotai.

Ba da ka nake faɗa ba, a duba dajin Karura da ke Nairobi babban birnin Kenya. Daji ne mai faɗin sama da hekta 1,000 kuma yana cikin gari ne sosai, ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya na Gigiri ma maƙwabtansa ne. Tun 1932 aka killace shi a hukumance amma takardar ba ta hana komai ba, a ƙarshen shekarun 1990 aka rinƙa yanka shi ana raba wa masu gine-gine a ɓoye, sai da marigayiya Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta Kenya, ta tashi tsaye ita da mutanenta suna shiga suna dasa itatuwa a wuraren da aka share, har a watan Janairun 1999 aka far musu da duka aka fasa mata kai. Matar nan ita ce ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. To amma abin da mutane ke mantawa shi ne ko bayan an dakatar da masu ginin dajin bai zama wurin shiga ba, tsoronsa ake ji saboda 'yan fashi, sai daga 2009 da aka kafa ƙungiyar abokan dajin suka haɗa hannu da hukumar gandun daji ta ƙasar, aka zagaye shi da shingen lantarki, aka ɗauki masu gadi har daga cikin talakawan unguwannin da ke gefensa, aka gyara hanyoyin ƙafa aka sa musu alamomi. Yanzu iyalai ne ke cika shi, masu gudu da masu keke da 'yan makaranta, ga kogunan dutse da ake dangantawa da zamanin 'yan Mau Mau masu yaƙi da Turawan mulkin mallaka ga wurin da ruwa ke gangarowa daga kan dutse. Duk mai kwaɗayin filin nan yau ya san ba da itatuwa kaɗai zai yi rigima ba.

Shi kuwa dajin Tijuca na Rio de Janeiro a Brazil, inda babban mutum-mutumin nan na Yesu Almasihu yake a kan dutsen Corcovado, wani ɓangarensa ma dasa shi aka yi da hannu. Gonakin kofi ne suka cinye dajin asali har ruwan shan birnin ya fara ƙaranci, shi ne a 1861 Sarki Pedro na biyu ya sa aka fara sake dashe. Kenan tun wancan lokacin sun gane maganar ruwan sha ce ba ado ba. Abidjan ma tana da nata dajin Banco a cikin gari.

Sannan ga abin da jiki ke samu, wanda ni shi ya fi jan hankalina gaskiya. Kana barin titi da 'yan mintuna za ka ji iska ta canja, inuwa ta tare rana ganyaye kuma suna fitar da danshi, ƙarar hon da jiniya na raguwa a hankali har ka fara jin takun ƙafarka, kuma tafiya a kan ƙasa mai hawa da gangara da saiwoyi tana sa tsokar ƙafa aiki fiye da tafiya a kan kwalta. Likitoci kullum suna fama da masu hawan jini da ciwon suga a kan su rinƙa tattaki, to ga wuri a kusa, ba sai ka ɗauki hutu ko ka shiga jirgi ba, ka je da safe ka dawo ka yi wanka ka kama harkokinka.

Sai dai fa kusancin nan shi ke yaudarar mutane. Don kana hango dogayen benaye ta tsakanin itatuwa ba shi ke nufin ba za ka ɓata ba, duhu yana riga shiga daji kafin ya shiga titi, sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin kwari, don haka a tafi da wuri, a gaya wa wani inda aka nufa, a yi cajin waya a ɗauki hoton taswirar da ke bakin geti, a riƙe ruwa, kuma don Allah a bar silifas a gida musamman in an yi ruwan sama ƙasa ta yi santsi. In hali ya yi a tafi mutum biyu ko uku. Masu yanke hanya su bi ta cikin ciyawa wai don su rage nisa su ne ke buɗe wa zaizayar ƙasa ƙofa, masu ba birai abinci kuma su ke koya musu fizgen jaka, ballantana masu jefar da robar ruwa da leda da masu zuwa da sifika suna kiɗa, wallahi waɗannan na rasa me suka zo nema.

Maganar kuɗin shiga kuma ban ƙi ba tunda masu gadi albashi suke ci, amma in aka tsawwala har ya zama sai mai mota ke iya shiga to an kori mutanen da suka fi kusa da dajin kuma su ne za su fara ganin katafila in ta zo da dare.

Roƙona Malam Edita shi ne ku ware wa irin waɗannan wurare shafi ko da sau ɗaya a wata, wakilinku ya shiga da ƙafarsa ya gaya mana tsawon hanya da yanayin tsaro da lokacin buɗewa da rufewa, ya kuma tambayi hukuma iyakar dajin a takarda ya gwada da abin da ya gani a ƙasa. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kullum