A Ƙarasa Mana Layin Mile 2 Zuwa Okokomaiko Kafin A Ɗauko Wani Sabo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan jirgin ƙasan cikin gari na Legas, wanda ake kira Blue Line, mu kuma a unguwa muke ce masa shuɗin jirgi. Na san yawancin masu karanta ka suna gida Arewa, amma mu ma muna nan da yawa a Ikko, daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, kuma maganar jirgin nan ta shafi wuyanmu kai tsaye.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da yadi a Balogun, cikin tsibiri. Gidana kuwa yana Okokomaiko. Na zo Legas a 2008, kuma tun daga lokacin titin Badagry ne hanyata safe da yamma. A 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 27 daga Marina har Okokomaiko, a tsakiyar wannan titi namu da ake faɗaɗawa zuwa hannu goma. Aka ce kashin farko zai kammala a 2011. Ba zan manta da irin murnar da muka yi ba. Wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya da shi, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne bai ce komai ba. Da muka matsa masa sai ya ce yana nan a 1983 lokacin da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari na farko, yana nan kuma a 1985 da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta soke shi, jiha ta yi asarar miliyoyin daloli. Ya ce mu yi addu'a kawai. Ya rasu bai ga jirgin ba.

'Yata ta fari an haife ta a 2010, ana cikin kafa ginshiƙai. Ranar da jirgin ya fara ɗaukar fasinja, 4 ga Satumba 2023, tana da shekara 13. Ko a hakan ma rabin aikin aka ba mu: kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, tashoshi biyar, wato Marina, National Theatre, Orile-Iganmu, Suru-Alaba da Mile 2. Shugaba Buhari ne ya zo ya buɗe shi a Janairun 2023, shekara 38 bayan soke na Jakande.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba, don wanda ya ƙi gode wa kaɗan ba zai gode wa mai yawa ba. Da can in na iso Mile 2 sai in fara wani sabon yaƙi: Orile, Costain, gadar Eko, ga tankoki da tireloli masu shiga Apapa sun cinye hanya. Akwai ranakun da wannan ɗan tsakanin kaɗai ya ci mini awa biyu a cikin danfo, wato motar hayar Legas, gwiwa a manne da ƙarfen kujerar gaba, zufa har cikin ido. Yanzu in na taɓa katin biyan kuɗin shiga na Cowry na shiga, kafin minti 20 na sauka a Marina, in taka da ƙafa zuwa shago. Akwai sanyi a ciki, babu kwandasta mai riƙe maka canji, babu mai tsayar da mota a tsakiyar hanya ya ce kowa ya sauka. Lokacin da jirgin ya hau gadar da ke kan ruwa daf da Marina, kana hango motoci can ƙasa a tsaye cik, wallahi har yau sai na yi hamdala. Duk wanda ya ce jirgin cikin gari almubazzaranci ne, ina gayyatarsa ya zo ya hau sau ɗaya da ƙarfe bakwai na safe.

To amma ni ba a Mile 2 nake kwana ba. Tsakanin gidana da tashar akwai kilomita 14, kuma a nan wahalar take. Ina fita tun kafin kiran assalatu, sau da yawa sai na kai Mile 2 nake yin asuba, don in na bari gari ya waye, Iyana-Iba da Volks da Trade Fair da Alakija kowanne sai ya karɓi rabonsa na lokacina. Da yamma ya fi muni. Jirgi zai kawo ka Mile 2 cikin mutunci, ka sauko ka tarar da dubban mutane suna kokawar mota ɗaya, kuɗin mota ya ninka saboda an ga hadari ya haɗo. Lokacin da jirgi ya rage maka, titi ya ƙwace abinsa har da riba. 'Ya'yana ƙanana sukan yi kwana uku ba su gan ni ido biyu ba, in fita suna barci, in dawo sun yi barci.

Kashi na biyu na aikin shi ne zai ɗauke wannan nauyi: Festac, Alakija, Trade Fair, Volkswagen, LASU (Jami'ar Jihar Legas), sai Okokomaiko. Muna ganin ma'aikata, muna ganin tashoshi suna tasowa, ba zan ce ba a komai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin sunayen sababbin layuka suna ta ƙaruwa alhali wannan bai kai gaci ba. An buɗe jan layi, Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar. 'Yan'uwanmu na Agege sun samu tasha, ina taya su murna da zuciya ɗaya. Shi wannan ya yi sauri ne domin ya bi hanyar dogon Legas zuwa Ibadan da ke nan tuntuni, ba a sha wahalar neman fili kamar namu ba. Sai kuma koren layi, Green Line, kilomita 68 daga Marina zuwa yankin Lekki, wanda aka sa hannu a takardar fahimtar juna a kansa a ƙasar Sin a 2024, ana maganar dala biliyan 3. Ga Purple Line daga Redemption Camp zuwa Ojo. Ga maganar ƙarasa jan layin zuwa Marina. Har ma ana cewa za a ja namu ya wuce Okokomaiko zuwa Agbara.

Dukkansu ina son su. Birnin da mutane suka yi wa yawa irin Legas ba zai rayu a kan danfo da keke napep ba. Amma a kasuwa na koyi cewa wanda ya buɗe shago uku da jarin shago ɗaya, duka ukun ne za su zauna rabi babu kaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya riƙe shuɗin jirgi shekara 14 ba asiri ba ne, kowa ya gani. Jiha ce ta ɗauki nauyin aikin, kuɗi na shigowa yau gobe su yanke. Kayan aikin da dala ake sayo su, naira kuwa ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa warwas a 2023, duk lissafin da aka yi a baya ya rushe. Gadar kan ruwa zuwa Marina ta ci kuɗi da lokaci fiye da sauran wuraren. Har taragon ma an sha canza shawara a kansu: da farko tsofaffin taragon jirgin birnin Toronto na Kanada aka yi niyyar kawowa, maganar ta wargaje, daga baya aka sayo sababbi daga Sin. Sannan ga canjin gwamnati. Duk wanda ke bin titin Badagry ya san yadda aikin ya yi sanyi bayan 2015, ginshiƙai suka tsaya shekaru ciyawa na fitowa a gindinsu, 'yan talla suna shanya kaya a inuwarsu.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsorata ni. Wa'adin Gwamna Babajide Sanwo-Olu zai ƙare ranar 29 ga Mayu 2027. Shi ne ya farfaɗo da aikin har aka kai Mile 2, wannan gaskiyarsa ce, dole a ba shi. Amma in ya sauka jirgi bai kai Okokomaiko ba, wanda zai gaje shi zai zo da nasa burin, kuma kowane gwamna ya fi son aikin da za a ce shi ya fara. Lekki na da masu kuɗi da masu baki a gwamnati. Ojo da Okoko da Ijanikin kuwa ƙananan ma'aikata ne, da ɗaliban LASU, da 'yan kasuwar Alaba da Trade Fair, da masu dako da masu sayar da dabbobi. In aka zo rabon kuɗin da bai isa ba, na san wanda za a ce ya ƙara haƙuri.

Don haka roƙona na farko ga mahukunta shi ne a keɓe kuɗin wannan kilomita 14 daban, kada a taɓa su don wani layi, kuma a riƙa fitowa duk bayan wata uku a faɗa wa jama'a a fili: ga inda aka kai, ga abin da ya rage, ga ranar da ake sa ran gamawa. In ranar ta goce, a faɗi dalili. Mu 'yan kasuwa ne, mun san kaya na iya makalewa a tashar jirgin ruwa, mun san dala na iya tashi dare ɗaya. Shirun ne yake kashe mana gwiwa, har mutum ya kasa yanke shawarar ya sabunta hayar gida ko ya tashi.

Akwai wata magana kuma da ban ji ana yin ta ba, ita ce ta fi taɓa mutanenmu. Wannan jirgi da lantarki yake tafiya, kuma wutar ba a sama take ba kamar wayar falwaya. Tana ƙasa, a jikin wani ƙarfe na uku da ke kwance gefen layin. Wanda ya taka shi sai dai wani ba shi ba. Layin kuma tsakiyar titi zai ratsa, daidai inda mutanen Alaba Rago suka saba tsallakawa dare da rana: yaro da baro cike da albasa, mai kura da jarkokin ruwa, mai jan rago biyu a hannu ɗaya, balle makon babbar Sallah da wurin ke cika maƙil da dabbobi da masu saye. Da yawa daga cikinsu sababbin zuwa ne, jiya suka sauka daga tirela, ba sa jin Turanci ba sa jin Yarbanci. Allon gargaɗi da Turanci ba zai tsare ransu ba. Ina roƙon a yi gadojin tsallakawa kusa da juna, masu gangara ba matakala zalla ba, yadda baro da kura da dabba za su iya hawa. In gadar ta yi nisa ko ta gagari mai kaya, to shinge za a fasa, wannan kowa ya sani. A rubuta gargaɗin da Hausa, a sa hoto, a yi shela da lasifika. Mu ma akwai namu aikin: sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai su fara wayar da kan jama'a tun yanzu, a huɗubar Juma'a da wuraren sauke kaya, kada a jira sai an ɗauki gawa.

Haka nan duk wanda aikin zai ci rumfarsa ko shagonsa a bakin hanya, a ba shi sanarwa da wuri, a biya wanda ya cancanci diyya, a nuna masa inda zai koma. Kuma a yi tunanin mai ɗan ƙunshin kaya. Da safe jirgin cika yake har ba wurin ajiye ƙafa, ina ga mai bandir biyu na yadi. Ko da tarago ɗaya ne a wasu sa'o'i na tsakar rana aka ware wa masu ƙaramin kaya, da ya rage motoci da yawa a titi.

Ga 'yan'uwa na gida kuma, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. An daɗe ana maganar jirgin cikin gari a Kano tun zamanin Gwamna Ganduje. Na Abuja an fara shi a 2007, aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, sai a Mayun 2024 ya dawo aiki, kuma babban kukan da aka yi da shi shi ne tashoshin sun yi nisa da inda mutane suke. In lokacin Kano ya zo, ku tambaya tun ranar farko daga ina kuɗin za su fito har ƙarshe, kuma wane yanki za a fara gamawa: wanda talaka ke bi zuwa kasuwa, ko wanda ya fi kyau a hoto.

Shekarata 52 yanzu, gwiwoyina sun fara ba ni labari in na daɗe a danfo. 'Yar tawa tana son karatu a LASU, tasha ɗaya ce tsakaninta da gida in jirgin ya iso. Ina roƙon ka buga wannan wasiƙa, kuma in wakilinka na Legas ya samu lokaci, ya zo Iyana-Iba da ƙarfe shida na safe ya ɗauki hoton abin da muke ciki, ya tambayi masu aikin ranar da za su miƙa shi.

Wassalam. Na gode.

Naka mai karatu a kullum,
daga Okokomaiko, Jihar Legas