Kalmar "contemplate" ba kullum take nufin tafakkuri ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan wata kalmar Turanci da ke yawan kayar da masu fassarar labarai da ɗaliban sakandare, wato "contemplate".

Duk wanda ya buɗe ƙamus zai tarar da ma'anar zurfafa tunani cikin natsuwa, irin wanda malamanmu ke kira tafakkuri. Ƙamus bai yi ƙarya ba. Sai dai Bature a hirarsa ta yau da kullum, da ɗan jarida a rubutunsa, ba kasafai suke nufin haka ba. In aka rubuta "The governor is contemplating a cabinet reshuffle", ba wai gwamna ya shige ɗaka ya rufe ƙofa ya yi tagumi ba ne. Abin nufi, yana duba yiwuwar yi wa kwamishinoninsa garambawul. Bai yanke shawara ba, mai yiwuwa ma maganar ta bi ruwa.

A nan ake yin tuntuɓe iri biyu. Wani mai fassara zai ce "gwamna ya zurfafa tunani a kan garambawul", ya ɗora wa labarin nauyin da ba shi da shi. Wani kuma, kuma nasa ya fi muni, sai ya ce "gwamna zai yi garambawul". Da wannan ya riga gwamnan yanke hukunci, kafin la'asar maganar ta karaɗe gari. Turanci ya jera abin kamar matakala ne. "Contemplate" shi ne lokacin da abu ke yawo a rai, "consider" an fara auna shi, "plan" an shiga shiri, "decide" an gama magana. Mai fassara ya tsaya a matakin da marubuci ya tsaya. Amma in an kore kalmar, sai ta ƙara ƙarfi: "We are not contemplating any increase" ba ta tsaya a "ba mu yanke shawarar ƙari ba", nufinta ƙarin ba ya ma cikin lissafinmu.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, a dubi abin da ya biyo bayan kalmar. In aiki ne da mutum zai iya aikatawa, kamar murabus, ritaya, ƙaura ko shigar da ƙara, fassarar ita ce "yana duba yiwuwar" ko "yana tunanin". In abu ne da ido ke gani, kamar a "She contemplated the photograph", to ƙura ido ne: ta ƙura wa hoton ido tana nazarinsa. Sai in babban al'amari ne ya biyo, irin mutuwa, halitta ko ma'anar rayuwa, ko kuma aka kawo sunan aikin, "contemplation", a nan ne tafakkuri ya dace. "He sat lost in contemplation", ya zauna shiru tunani ya tafi da shi. Lauyoyi kuma suna da tasu. In suka ce wani abu "is not contemplated by the Constitution", kundin tsarin mulki ba ya tunani, nufinsu bai tanadi abin ba.

Wannan ma'anar ta ƙura ido ba daga sama ta faɗo ba. Kalmar ta fito daga Latin, kuma tushenta "templum" ne, wani yanki da masu duba na tsohuwar Rum ke shatawa su tsaya suna kallon tashin tsuntsaye don karanta alamu. Daga tushen nan ne ma Turanci ya sami "temple", ɗakin bauta. Kallo ne na farko, tunani daga baya ya shigo.

Ɗalibai kuwa a ginin jimla suke faɗuwa. Za ka ga an rubuta "I am contemplating to travel". Kuskure ne, kalmar ba ta karɓar "to", aikin da ya biyo ta da "-ing" yake ƙarewa: "I am contemplating travelling". Sai kuma masu liƙa mata "on" ko "about". Dalilin a fili yake, mu da Hausa "tunani a kan" muke cewa, ga kuma "reflect on", "meditate on" da "think about" da kunne ya saba da su. Ita dai kai tsaye take kama abinta: "contemplate the future". Wajen furuci, nauyi yana kan gaɓar farko a "contemplate", ya koma ta uku a "contemplation".

Tana da 'yan uwa, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. "Meditate" ita kaɗai, ba tare da "on" ba, a yau ta fi nufin zaman da mutum ke yi shiru, ido a rufe, yana bin numfashinsa don kwantar da hankali, kamar yadda mabiya addinin Buddha da masu yoga ke yi. Wasu na fassara ta da halwa, ni ban gamsu ba, domin halwa keɓewa ce don ibada da zikiri. Sannan a kula, harafi ɗaya ne kawai ya raba ta da "mediate", shiga tsakani don sasanci. Mai sauri yakan rikita su, sai a wayi gari dattawan da suka je sulhu an mai da su masu zaman shiru. "Ponder" aunawa ce, asalinta ma daga kalmar nauyi ta Latin. "Brood" kwancin kaza ne a kan ƙwai, shi ya sa "brood over" ke nufin riƙe baƙin ciki ana ta juya shi a zuci. "Ruminate" tuƙar da saniya ke yi ce, a dawo da abu a sake taunawa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na amfani da ita ga saƙe-saƙen da ya ƙi ƙarewa. Wanda aka ce masa "pensive" kuwa shi ne mai tagumi, shiru da ɗan alamar damuwa a fuska.

Ina fatan za ka miƙa wannan ga masu fassararku, musamman masu rubuta kanun labarai, inda ƙarancin wuri ke sa a yanke "duba yiwuwar" a bar "zai".

Wassalam,
Wani malamin Turanci, daga Zariya